Agogon Kyaftin

Shekarar da likitan haƙori ya bar asibitin da ya daɗe yana yi wa aiki ya buɗe nasa, sai sha'awar agogo ta shige shi. Ba abin duba lokaci ya rasa ba, akwai na bango a ɗakin aikinsa, akwai na waya. A wurin wani taron likitoci ne ya ga agogo a hannun wani abokin karatunsa, mai kauri, mai sarƙar ƙarfe, fuskarsa shuɗiya. Wannan abokin kuwa tun suna makaranta likitan ne yake koya masa karatu ana gobe jarrabawa. Ya koma gida abin yana cin ransa.

Ya yi ta duba hotunan agogo a waya har matarsa ta gaji. Ta ce masa in dai da gaske yake, ya daina kashe idonsa, ya je wurin Yaya, wato babban wanta, don kaf danginsu ba wanda ya san agogo kamarsa.

Yaya tayil yake sayarwa da kayan banɗaki. Ofishinsa yana saman shagon, ana hawa ta wani matsattsen bene tsakanin kwalayen famfo da sababbin kwanukan wanke hannu da ba a cire musu leda ba. Likitan ya same shi yana cin soyayyar kaza daga cikin kwali, fanka tana kaɗa takardun tebur. Da ya ji abin da ya kawo surukin nasa, sai ya yi dariya har ya ƙware, ya ce ashe cire wa mutane haƙori ya fara kawo haske. Ya goge yatsunsa sama-sama, ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani akwati mai laushin ciki, agoguna a jere kamar ƙwai.

Shawarar ta yi tsawo, kuma gaskiya akwai ilimi a cikinta. Ya ce kada ya kuskura ya sayi mai batir, wannan na 'yan makaranta ne. Ya nuna masa yadda allurar daƙiƙa take tafiya sumul a agogon ƙwarai, ba ta tsalle. Ya ce ya riƙa auna nauyi a tafin hannu, ya kasa kunne ya ji yadda maɓalli yake rufewa, ya duba rubutun fuskar da gilashin ƙara girma, don jabu a rubutu yake tona kansa. Ya ce kada ya bi mai duwatsu da ƙyalƙyali, wannan sai mawaƙa. Likitan yana ta gyaɗa kai, yana jin daɗin yadda ya faɗo hannun masani.

Sai Yaya ya zaro tsinke ya fara sakace, ya kwantar da murya.

"Amma babbar shawarar ita ce, kada ka sayi sabo a shago. Kana fita ƙofa ka yi asara. Agogo mai kyau yana hannun wanda ya taɓa samu, yanzu ya rasa. Shi za ka nema."

Ya shiga nuna na cikin akwatin ɗaya bayan ɗaya da tsinken. Wannan daga wata mata ya same shi, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ba ta san abin da take riƙe da shi ba. Wancan na wani ɗan kwangila ne da aka kulle, iyalinsa suna neman abin da za su ba lauya. Yana faɗa yana dariya, likitan ma ya taya shi, don ya ɗauka irin cika bakin Yaya ne da aka saba. Da zai tafi, Yaya ya ce ya bar masa komai, zai sa kunne, in ya ji labari zai kira shi.

Ranar wata Asabar bayan azahar ya kira. Ya ce likitan ya shirya ga shi nan zuwa, kuma ya sako farar rigarsa ta aiki. Likitan ya tambayi dalili, Yaya ya ce mutane sun fi ganin girman likita, ciniki ya fi sauƙi. Bai so ba, amma ya ninke rigar ya riƙo, a mota Yaya ya yi ta mita har ya saka.

Gidan yana wata tsohuwar unguwa mai manyan bishiyoyi. Fentin ƙofar ya ɓare, a farfajiya akwai mota da tayoyinta suka sace ta zauna a ƙasa. Wani mutum da bai wuce shekara talatin da wani abu ba ya tare su, yana ta waige-waige. Yaya ya ce wannan ɗan mai gidan ne. Mutumin ya gaishe su a gurguje, ya ce Anti, wato yayarsa, ta tafi kantin magani, su yi sauri kafin ta dawo.

A falo hotuna ne cike da bango, duk na mutum ɗaya, dogo, cikin kakin matuƙin jirgin sama, wani yana tsaye a gindin jirgi, wani yana zaune a gaban na'urori. Kan talabijin akwai ɗan ƙaramin jirgi na ado, fiffike ɗaya an liƙe shi da gam. Ɗan ya ce mahaifinsu ne, Kyaftin, ya yi shekaru yana tuƙi kafin ya yi ritaya, bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya tura wata ƙofa. Ɗakin cin abinci ne aka mayar ɗakin kwana saboda mara lafiya ba ya iya hawa bene.

Zarni da warin man zafi suka fara tarar su. Likitan ya saba da wari, aikinsa ke nan, bai ko motsa fuska ba. Kyaftin yana zaune a kujera kusa da taga, an shimfiɗa masa tawul a ƙirji, bakinsa ya karkace, miyau yana bin gefe ɗaya. Ya rame ƙwarai, amma idanunsa tar suke. Hannunsa na hagu yana kan matashi, a kumbure, yatsun sun lanƙwashe. A wannan hannun agogon yake.

Sai a lokacin likitan ya gane ba a akwati za a kawo masa shi ba.

Ɗan ya durƙusa ya ɗaga murya kamar yana magana da kurma. "Abba, likita ne ya zo duba ka."

Tsohon ya dubi farar rigar, fuskarsa ta saki. Ya miƙo hannunsa na dama, ya yi ƙoƙarin gaisuwa, harshen ya ƙi, sai wani sauti ya fito. Likitan ya karɓi hannun, ya ce sannu Baba, ya jiki. Tsohon ya riƙe shi gam, yana buɗe baki yana miƙo haɓa, kamar akwai abin da yake son faɗa.

Yaya ya matso da fara'a, ya ce Likita zai auna jini ne, amma sai an cire agogo tukuna. Kyaftin ya dubi Yaya, ya dubi ɗansa, ya dawo da ido kan likitan. Likitan ya buɗe baki zai ce shi na haƙori ne, ba abin da ya kawo na awo, Yaya ya taka masa ƙafa. Tsohon ya ga likita bai musa ba, sai ya gyaɗa kai a hankali.

Maɓallin ya buɗe, amma sarƙar ta ƙi wuce kumburin hannun. Ɗan ya ja, ta cije a ƙashi. Yaya ya ce a kawo sabulu. Ɗan ya ruga kicin ya dawo da robar sabulun wanke kwanuka, kore, mai ƙamshin lemun tsami, ya tsiyaya a bayan hannun mahaifinsa. Su biyu suka kama, ɗaya yana matse yatsun, ɗaya yana murɗa sarƙar. Tsohon ya saki wani nishi mai tsawo ta hanci, ƙafarsa mai lafiya tana dukan ƙasa. Yaya yana cewa yi haƙuri Baba, an kusa, an kusa. Agogon ya suɓuce ya fito. Inda ya zauna fatar ta yi fari, ta jiƙe, ta yi shatin sarƙa, gefe ɗaya ya ɗan tsage yana fitar da ruwa. Ba wanda ya goge masa sabulun.

Yaya ya kai agogon bakin taga, ya maƙala gilashinsa a ido. Tsakanin ƙullin sarƙar dauɗa ce ta shekaru ta daskare, baƙa, gumi da matacciyar fata. Ya laluba aljihu ya zaro tsinken sakacensa, ya ƙwaƙulo ta, ya goge a labulen taga, ya mayar da tsinken bakinsa. Likitan da yake wuni da hannu cikin ruɓaɓɓen haƙori sai da ya kau da kai.

Kafin ya ankara Yaya ya kamo hannunsa ya zura masa agogon, ya rufe maɓalli. Ƙarfen da ɗumi, ɗumin jikin tsohon, ga santsin sabulu yana gangarowa cikin hannun farar rigarsa. Kuma abin da ya fi ɓata masa rai daga baya shi ne, a wannan ɗan lokacin ya ji daɗin nauyin. Ya juya hannu ya kalli fuskar, baƙa ce mai zurfi, ta yi masa kyau, ta zauna masa kamar an auna.

Yaya ya fara ciniki, a nan, a gaban mai abu. Ya ce gilashin ya karce, sarƙar ta saki, ga shi ma ba ya tafiya. Ɗan ya ce lafiyarsa ƙalau, irin wanda motsin hannu yake ba wa ƙarfi ne, hannun Abba kuma ba ya motsi, shi ya sa kullum da safe Anti take jijjiga masa hannun ta saita lokaci, yau ne ba ta samu yi ba.

"To ka gani," in ji Yaya. "A hannunsa lalacewa yake yi. Kuma mu faɗi gaskiya, ko ba yau ba, nan gaba kaɗan rabawa za ku yi, a lokacin kowa zai sa baki. Gara ka karɓa yanzu da rufin asiri."

Ya faɗi wani farashi, ɗan ya ce haba Yallaɓai, ya faɗi nasa. Suna ja-in-ja, ɗan yana lissafa tsadar magani da na mai gashin ƙashi, amma idonsa yana kan ƙofa, ba kan mahaifinsa ba. Kyaftin bai kalli ko ɗayansu ba. Hannun likitan yake kallo. Ya daina nishi, miyau yana ɗiga kan tawul, yana kallon agogonsa a hannun mutumin da aka ce ya zo auna shi.

Likitan ya ɓalle maɓallin, ya ajiye agogon a kan tebur kusa da kwalaben magani, ya ce shi ba ya so. Yaya ya ƙyafta masa ido, ya ɗauka dabarar ciniki ce, har ya ce wa ɗan ka ji ko, mai saye ma ya fasa. Likitan ya ce da gaske yake, a mayar wa Baba abinsa. Ɗan ya ce ai hannun ba zai sake shiga ba yanzu, sai kumburin ya saɓe. Likitan ya tambayi inda famfo yake, ya fita.

A kicin kwanuka ne jibge a wurin wanki, da ragowar abincin mara lafiya da aka dama ya bushe a kofi. Ya tuɓe farar rigar ya dunƙule ta, ya sa hannu ƙarƙashin famfo yana cuɗawa. Ba wani sabulu a wurin, an bar robar a ɗakin, sai ruwa zalla, santsin ya ƙi fita.

Yana nan aka turo ƙofar baya. Mace ce da ledar kantin magani, ta girmi ɗan sosai, fuskarta ta gaji. Ta tsaya tana kallonsa. Ya gaishe ta, ya ce shi likitan haƙori ne, ƙaninta ne ya shigo da su. Sai ta ajiye ledar, ta ce Allah ya kawo shi, makonni ke nan bakin Abba ya hana shi cin abinci, haƙoran robarsa sun yi masa yawa tun da ya rame, suna yanka masa dasashi, ta yi ta roƙon ƙaninta ya nemo likita yana ce mata gobe. Ta ce ashe dai yaron nan yana da rana. Ta wuce ciki da saurinta tana kiran Abba.

Likitan bai bi ta ba. Ya ji muryarta ta tsaya cak. Ya ji ta tambayi ina agogon, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ya ji ƙanin yana cewa ki tsaya ki ji, Anti, ki tsaya ki ji. Ya fita ta ƙofar baya ya zagaya ya tsaya jikin motar Yaya.

Ba a jima ba Yaya ya fito yana murmushi, aljihun rigarsa ya yi nauyi. Ya ce ya tura wa yaron kuɗi tun kafin matar ta shigo, ciniki ya faɗa, sauran rigima tasu ce ta cikin gida. A hanya ya yi ta yi wa likitan faɗa cikin raha, ya ce zuciyarsa ta mata ce, mai wannan zuciyar ba zai taɓa ɗaura abin kirki ba. Ya ce shi ya taimaki mutanen nan ne, da wani ne da rabin haka zai ba su. Ya ce tun da surukinsa ne, in ya huce zai bar masa da 'yar riba kaɗan, bayan an wanke an goge ba wanda zai san daga ina ya fito. Likitan ya ce a sauke shi a mahaɗar hanya, akwai abin da zai saya. Ya tari tasi ya tafi gida.

Matarsa tana guga ya ba ta labari. Ba ta yi mamaki ba, wannan ya ƙara ba shi haushi. Ta ce lokacin da mahaifinsu yake kwance a asibiti haka Yaya ya sayar da motarsa, ya ce wa tsohon an kai ta gyara, har ya rasu yana tambayar ko makaniki ya gama. Likitan ya ce ta san haka ta tura shi wurinsa? Ta ce ta ɗauka shago zai kai shi, kuma shi da bakinsa, me ya hana shi magana tun a ɗakin? Ya jefa farar rigar cikin kwandon wanki, ya dawo ya ciro ta ya sa a leda ya kai bola. Ranar bai ci abinci ba.

Tsakiyar mako ya rufe asibiti da wuri, ya ɗauki jakar aikinsa ya koma gidan shi kaɗai, cikin kayan gida. Anti ce ta buɗe ƙofa. Hannunsa ta fara kallo kafin fuskarsa. Ya ce ya zo ne saboda bakin Baba, ba zai karɓi komai ba.

"Kai ka saya?"

"A'a. Wanda muka zo tare."

"Amma ka ɗaura. Ƙanina ya ce ya yi maka kyau."

Ya ce ya ɗaura. Ta daɗe tsaye a bakin ƙofar, sannan ta matsa, don bakin mahaifinta ya fi mata komai a lokacin. Ta ce ƙanin bai sake kwana a gidan ba tun ranar.

An gyara ɗakin, an canza labule. Kyaftin yana kujerarsa, an naɗe masa wuyan hannu da bandeji. A kan tebur akwai sabon agogon roba da ta sayo masa, ta ce ya ture shi ƙasa har sau nawa, ta haƙura. Likitan ya durƙusa ya gaishe shi, ya sa safar hannu, ya kunna 'yar fitilarsa, ya ce Baba a buɗe baki in gani.

Tsohon ya gane shi. Ya janye hannunsa mai lafiya ya cusa ƙarƙashin tawul, ya datse bakinsa iya ƙarfin ɓarin da yake aiki, ya juya fuska wajen taga. Anti ta lallashe shi, ta ce Abba wannan karon da gaske ne, don bakinka ya zo. Ta shafa masa kai, ta roƙe shi. Bai buɗe ba. Datsewar tana sa haƙoran robar suna ƙara cizon ciwon, likitan yana ganin yadda tsokar kumatunsa take karkarwa, da ɗan jini-jini a miyan da yake gangarowa. Ya ce ta bar shi haka, kada ya ji wa kansa rauni.

Ya cire safar, ya kashe fitila. A falo ya nuna mata yadda za ta cire haƙoran in ya yarda, da yadda za ta wanke masa baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ya ba ta maganin shafawa daga jakarsa. Ya ce akwai wata abokiyar aikinsa, mace, hannunta da sauƙi, zai turo ta. Anti ta karɓi maganin, ta ce to. Ba ta raka shi ƙofa ba.

Yaya ya kira shi sau da dama a makonnin da suka biyo baya, ya turo masa hoton agogon an wanke shi yana sheƙi. Likitan bai ɗauka ba, bai amsa ba. Matarsa ta ce Yaya yana ta yaɗawa a dangi wai surukinsa ya samu kuɗi ya fara girman kai. Ya ce a bar shi ya faɗa.

Abokiyar aikin ta je. Ta kira shi bayan kwanaki ta ce an dace, ta rage haƙoran ta yi musu sabon ciki, ciwon ya fara warkewa, tsohon har ya sha kunun da aka dama masa a gabanta. Ta ce amma sai da 'yar ta rantse masa cewa ita kaɗai ta zo kafin ya buɗe baki, kuma tun a ƙofa aka roƙe ta kada ta ambaci wanda ya turo ta. Ta tambaye shi me ya yi wa mutanen nan haka. Ya ce labarin da tsawo, kuma yana da mara lafiya a kujera yana jiransa.